Babi na 6: Doguwar Mota, Gajeren Matokari

A tsakiyar shekarun 1970, wani mutumin jihar Misuri ta Amurka mai suna Bob Chandler ya sa motarsa ƙirar Ford F-250 a gaba, yau ya ƙara mata tsawo, gobe ya sauya mata tayoyi da waɗanda suka fi girma, har ta zama abin kallo aka laƙaba mata suna Bigfoot. A 1981 ya hau da ita kan wasu matattun motoci ya markaɗe su a gaban kyamara. Ba shi ya fara ɗaga a-kori-kura ba, masu ratsa daji da taɓo sun riga shi, amma daga lokacin ne abin ya tashi daga buƙata ya koma ado. Yau a Tekzas ko Fulorida, motar da sai an taka matakala ake shigarta ba ta sa kowa ya waiwaya. Mutanen Ostareliya ma suna ɗaga Hilux da Land Cruiser saboda hanyoyin dajinsu, kuma waɗannan biyun ne suka cika garejojinmu tun daga Kano har Agadas, wasu an ƙara musu fallen sifirin saboda kaya, wasu an ɗaga su saboda yashi da kwazazzabai.

Ranar da aka ɗaga mota kowa murna yake yi. Sai ranar da aksul ya fara kuka, ko man giyarsa ya fara tsiyaya cikin birki, ake gane cewa duk kayan aikin da ke garejin an ƙera su ne don motar da ba ta kai wannan tsawo ba.

Ɗagawa iri biyu ce, kuma wanda zai kwanta a ƙasa ya kamata ya san wadda aka yi wa motar da ke kansa. Akwai wadda ake kwance bodi daga shasi, a cusa dunƙulen roba mai tauri ko na ƙarfe a tsakaninsu, inci 2 ko 3. Wannan bodi kaɗai take ɗagawa, shasi na nan inda yake. Akwai kuma wadda ake taɓa ƙafafun motar: dogayen sifirin, dogayen shokazoba, ko dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul na baya, inci 4, inci 6, wasu ma fiye. Ita ce ke tafiya da shasi sama. Sannan taya ta ƙara nata, wato rabin duk abin da aka ƙara a tsayinta. Motar da aka ɗaga inci 6, aka cire mata taya mai inci 32 aka sa mai 37, shasinta ya hau inci 8 da rabi, sama da santimita 21 ke nan.

Matokarin ƙarfen da aka fi sayarwa kuwa, mai tan 3, a wajen inci 17 yake ƙurewa. Mai tan 6 yakan kai inci 24, mai tan 12 ya kusanci 30. Sai ka ga mutum ya jawo matokarinsa, ya zaro sandar har haƙorin ƙarshe, ya tura ƙarƙashin shasi, tayoyi na ƙasa ko ɗaga motar ba a yi ba, amma akwai tazarar da hannu zai wuce. A nan ne ido ke fara neman bulo, ko kuma zuciya ta ce a bar ta a kan jak, ai aikin ba zai daɗe ba.

Abin da ke cikin jak

A 1851 wani maƙeri ɗan asalin Sikotland, Richard Dudgeon, ya yi rajistar jak mai aiki da ruwa a birnin New York, kuma har yau dabarar ba ta sauya sosai ba. Kana buga hannu, ƙaramin fistin yana tura mai ta wata 'yar kafa zuwa ƙarƙashin babban fistin. Abin da ke hana man komowa wani ɗan ƙwallon ƙarfe ne na 'yan milimita, zaune a kan bakin kafar, sai zoben roba da ke kewaye da fistin. Shi ke nan. Tan 2 na mota a kan ɗan ƙwallo da zoben roba suke. In ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashin ƙwallon, motar za ta riƙa sauka a hankali yadda ido ba zai kama ba. In robar ta tsufa ta tsage, a lokaci guda za ta sauko. Jak ɗin da ya sha ƙurar hunturu, aka yi ta ƙara masa man birki ko baƙin mai saboda babu nasa, ba ya ba da sanarwa.

A kowane gareji akwai yaron da zai leƙo ya ce, "Oga, jak ɗin ya riƙe fa." Ogan kirki yakan ce, "Ya riƙe yanzu. Ɗauko matokari." Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta taɓa ƙiyasta cewa a shekara ɗaya kacal, daga ƙarshen 1994 zuwa ƙarshen 1995, mutane wajen 4,800 aka kai sashen gaggawa na asibitoci saboda jak ya saki ko mota ta zame daga kansa. Dokar wuraren aiki ta ƙasar ma ba ta yi dogon bayani ba: da zarar an ɗaga kaya da jak, a tokare shi nan take.

Akwai wani jak da masu dogayen motoci ke so ƙwarai, suna ɗaure shi a bayan mota kowa na gani. Sunansa Hi-Lift, wani kamfani ne a garin Bloomfield na jihar Indiyana ke ƙera irinsa tun farkon ƙarni na 20. Doguwar sanda ce mai huji-huji, inci 48 ko 60, kuma yana ɗaukar kimanin kilo 2,100. Tsawonsa ne ke yaudarar mutane, tunda shi kaɗai ke kaiwa bambar doguwar mota ba tare da an ɗora shi a kan komai ba. Amma an yi shi ne don fid da motar da ta kafe a laka, inda wani lokaci da gangan ake ɗaga ta a ture ta gefe ta faɗa kan busasshiyar ƙasa. Kayan da aikinsa ya haɗa da kifewa ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Ƙafarsa 'yar ƙarama ce, hannunsa kuma in ya kuɓuce yayin saukewa, haɓa da haƙora yake nema.

Lissafin tsawo

Mutane sun fi damuwa da nauyi, alhali nauyi ba shi ne babbar matsalar ba. Hilux mai ƙofa huɗu tana wajen tan 2, F-250 mai injin dizal ta haura tan 3, kuma bayan a-kori-kurar da ba ta da kaya bai kai rabin nauyinta ba. Sai dai a lura, lambar da aka buga a jikin matokaran da ake sayarwa a Amurka galibi ta biyun ce a haɗe, kuma tan ɗinsu kilo 907 ne, saboda haka wanda aka rubuta wa tan 3 kowane ɗaya kilo 1,360 yake ɗauka. Duk da haka ya isa ya ɗauki bayan Hilux. Abin da ke kayar da mota ba matokari ya lotse ba ne, ya karkata ne.

A ɗauki matokari mai faɗin gindi santimita 25, a ɗora masa kilo 500. In tsayinsa santimita 40 ne, sai an tura shi daga gefe da ƙarfin da ya kai kilo 156 kafin ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa. A zaro shi zuwa santimita 60, kilo 104 ya isa. A ɗora shi a kan wani abu da bai fi shi faɗi ba har ya kai 80, kilo 78 ne kawai. Gaskiya ne matokarai biyu ne, sai a ninka. Amma wannan lissafi ne na daɓen siminti mai santsi da daidaito. A ƙasar da ta ɗan gangara, ko ƙafa ɗaya ta nutse, an ci rabin lissafin tun ba a taɓa sifana ba. Sannan a kawo ƙato biyu, ɗaya ya sa dogon bututu a kan sifana yana girgiza notin da tsatsa ta kama, ɗaya ya jingina da bodi yana ba shi labari. Da zarar matokari ya fara karkata, kowane santimita da ya tafi sauƙaƙa na gaba yake yi.

Wannan ne ya sa masu aikin dogayen motoci ke sayen matokari mai tan 6 ko 12 ga motar da ba ta kai rabin haka ba. Ba ƙarfinsa suke saya ba, faɗin gindinsa suke saya, da kuma damar barin sandarsa a haƙori na biyu ko na uku, inda yawancinta ke cikin kube ba ta rawa.

A durƙusar da ita

Ba a ɗora wa raƙumi kaya yana tsaye, durƙusar da shi ake yi. Mutumin da ya ga matokarinsa bai kai shasi ba yakan yi tunanin yadda zai ƙara wa matokarin tsawo. Tambayar da ta fi ita ce, me ya sa motar za ta zauna a can sama, tunda dai tayoyin cire su za a yi?

In ka sa jak a shasi ko a bamba, sai ka fara cinye duk miƙewar sifirin kafin taya ta bar ƙasa, kuma sifirin ɗin doguwar mota yana da miƙewa mai yawa. Bodi na ta tafiya sama, taya na zaune. Amma in ka sa shi a ƙarƙashin aksul, bugu kaɗan taya ta tashi, inci 1 ko 2 ya wadatar. Saboda haka ana sassauta notocin taya tun mota na ƙasa, a sa waigi a ɗaya ɓangaren, a ɗaga aksul kaɗan, a cire tayoyin biyu. Sai a jera matokarai a ƙarƙashin shasi, a buɗe jak a hankali, mota ta sauko ta zauna a kansu, aksul kuma ya ci gaba da sauka shi kaɗai har sifirin ya saki. Tsakiyar aksul mai taya inci 35 tana wajen inci 17 daga ƙasa, kwanon birki kuwa daga tsakiya zuwa baki bai fi inci 6 ko 7 ba. Kimanin inci 10 ke nan aka samu kyauta, a raba tsakanin saukar shasi da saukar aksul. Sau da yawa shasin yakan ƙare a ƙasa da inda yake sa'ad da motar ke tsaye a kan tayoyinta, kuma duk da haka akwai wurin aiki fiye da na motar da ba a ɗaga ba.

Wasu kamfanonin sun yarda a sa jak a ƙarƙashin ƙullutun giyar da ke tsakiyar aksul, wasu sun hana, littafin motar ne zai raba gardama. Abin da babu gardama a kansa shi ne kada bakin jak ya kama leɓen murfin ƙullutun, domin zai lanƙwashe ya fara yoyo.

Wurin da matokari zai zauna a jikin shasi shi ne miƙaƙƙen wuri mai kwance, ba inda ƙarfen ya fara hawa don ya tsallake aksul ba. In aikin baya ne, dab da gaban maratayin sifirin. A leƙa a tabbata bututun birki ko na mai bai ratsa wurin ba. A kuma ƙwanƙwasa da guduma, musamman in motar ta shigo ne ta Kwatano ko Legas daga arewacin Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Shasin irin waɗannan daga ciki yake ruɓewa, an shafe waje da baƙin fenti. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi, ruɓaɓɓe kuwa ƙarar tasa a dakushe take, wani lokaci ma garin tsatsa ya zubo maka a fuska.

Aikin gaba ya fi wuya, domin inji yana gaban matokaran. Injin Cummins mai lita 6.7 da ke cikin manyan motocin Ram shi kaɗai ya kai rabin tan, ban da bambar ƙarfe da injin jan igiya da masu ado ke ƙarawa. Duk wannan nauyi yana reto a gaban wurin tokara, baya kuma babu kaya. In an ɗora motar gaba ɗaya a kan matokarai huɗu, aka fid da aksul na baya, wanda a manyan motoci yakan haura kilo 200, aka cire safaya, ba abin mamaki ba ne baya ya fara tashi. Maganinsa tokara ta biyar a can gaba ƙarƙashin ƙarfen da ya gitta shasi, ko a zuba buhunan yashi a bayan motar. Kuma a duba huɗun duka, domin shasi mai tauri yakan zauna a kan uku ya bar na huɗu yana rawa a hannu. Ni dai a ganina, in ba dole ba, a bar tayoyi biyu a ƙasa a gama ɓangare ɗaya kafin a taɓa ɗayan.

Motar da ba a sa wa jak ba ma tana kisa

Doguwar mota tana da wani tarko da gajera ba ta da shi: ana shiga ƙarƙashinta ba jak ba matokari. Mutum ya sa giya a P, ya ja tabarmar kwali ya kwanta, ya fara kwance farfela. To, P ba birki ba ne. Wani ɗan haƙori ne a cikin giyabos da ke kama ƙarfen da ke juya farfela, farfela kuma ta riƙe aksul. Da noti na ƙarshe ya fita, babu sauran abin da ya haɗa tayoyi da wannan haƙori. Mota mai giyar hannu da aka bari a giya ta ɗaya haka take. In wurin na da 'yar gangara, za ta tafi, kuma ɗagawar da aka yi mata ba ta ɗaga aksul ba, ƙullutun giyar na nan a ƙasa yana tahowa daidai inda mutum yake kwance.

Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, saboda haka in an ɗaga baya ba shi da sauran amfani. A tsohuwar Land Rover Defender ma ba a taya yake ba, a bayan giyabos yake kama farfela, yadda ɗaga tayar baya ɗaya tak na iya sa motar ta motsa. Abin dogaro waigi ne, gaba da baya, a tayoyi biyun da suka rage a ƙasa. Karen mota ya san wannan tun zamanin manyan motocin katako. Sai dai babbar taya an yi ta ne don ta hau duwatsu, saboda haka ɗan dutsen da zai tare Corolla ba zai tare ta ba. Masu ƙera waigi sukan ce tsayinsa ya kai rubu'in tsayin taya, wato inci 9 ga taya mai inci 35.

Bulo da katako

Bulo yana ɗaukar gini, shi ya sa mutane ke ganin zai ɗauki mota. Amma a gini nauyi shimfiɗe yake a kan fuskarsa duka, da kwaɓin siminti a tsakani. A gareji kuwa bakin ƙarfe ne siriri ke danna wuri ɗaya, sau da yawa a kan ramin bulon, wani ma a kwance aka ajiye shi ta gefen da ba shi da ƙarfi. Ga shi kowa ya san yadda ake tsuke siminti a gidajen buga bulo, buhu ɗaya a so ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa. Bulo ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara. Yana tsaye, sai kawai ya zama gari.

Katako kuwa yana magana. Ma'aikatan ceto a Amurka, waɗanda ke shiga ƙarƙashin rusasshen bene da kifaffiyar tirela, da shi suke tokara. Suna jera guntaye biyu a kwance, su gitta wasu biyu a kansu, su sake gittawa, har su kai tsayin da suke so. A lissafinsu, katako mai inci 4 da 4 kowace mahaɗa tana ɗaukar kimanin kilo 2,700, jeri mai mahaɗa huɗu ya kusanci tan 11. Sun fi son katako mai ɗan taushi a kan mai tauri, domin in nauyi ya fi ƙarfinsa yakan fara ƙara yana lotsewa a hankali, mutum ya samu lokacin fita. Sharuɗɗansu kaɗan ne: tsayi kada ya wuce ninki uku na faɗi, kowane guntu ya zarce mahaɗarsa da kamar inci 4, nauyi ya sauka a kan mahaɗu ba a tsakiyar da babu komai a ƙarƙashi ba, kuma kada a tsayar da katako a kan kansa, tsagewa zai yi. Duk incin da suka ɗaga, sai sun cike shi kafin su ƙara wani.

Wannan abu ne da kowane gareji zai iya yi da kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba. In an buga guntayen da ƙusa suka zama akwati mai faɗin santimita 60, an samu tokara da ta fi yawancin matokaran kanti zama daram. In kuwa dole sai an ƙara wa matokarin ƙarfe tsawo, to a kan irin wannan dandamali za a ɗora shi, wanda ya fi gindinsa faɗi sosai, samansa a rufe da falanki, a kewaye ƙafafunsa da 'yan guntaye don kada ya zame. Tsohon wili guda ɗaya a kwance yana da ƙarfi, amma biyu ko uku a kan juna ƙarfe ne a kan ƙarfe, da baƙin mai a tsakani.

Matokarin kanti ma ba a rufe ido a kansa. Zuwa watan Mayun 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 masu tan 3 da tan 6. Irin waɗanda sandarsu ke da haƙora ne, wani harshen ƙarfe yana faɗawa tsakanin haƙoran ya riƙe. Injin da ake ƙera su da shi ya tsufa, haƙoran wasu ba su yi zurfi ba, harshen yana kama baki-baki, in nauyi ya ɗan motsa sai ya fita sanda ta zube. Bayan 'yan makonni aka sake janye wasu daga cikin waɗanda aka ba mutane a madadi, wannan karon saboda walda. Duk mai irin wannan matokari ya ɗaga shi wajen haske ya ga yadda harshen ke shiga, har gindin haƙori ko kuwa a leɓe. Na fi natsuwa da wanda ake zura wa sandar ƙarfe ta huji ta fito ɗaya gefen, domin ido na ganin abin da ke riƙe da motar. Masu waldarmu suna iya haɗa irinsa da bututu mai kauri, kuma wasu suna yi da kyau, matuƙar sandar ta gaske ce, ba guntun rodi ko tsohuwar ƙusa ba.

Ƙasar da komai ke kai ita ma tokara ce. Kwalta a zafin bazara tana laushi, ƙafafun matokari su yi ta nutsewa, ba kuma tare ba. Ƙasar gareji da ta bushe ƙam da rani, ruwan dare ɗaya na damina ya isa ya sauya ta, mota kuwa tana kwana a tokare ana jiran a kawo kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka. Falanki mai kauri ko farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowane matokari yana raba nauyin. Jak mai tayoyi kuma yana da wata ɗabi'a: hannunsa ba miƙe yake tashi ba, lanƙwasa yake yi, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ƙarƙashin mota yayin da take hawa. In tayoyinsa suka kafe a yashi, motar zai jawo, ya fizgo ta daga kan matokaran da aka riga aka sa a ɗaya gefen.

Kafin kowa ya shiga, a kama motar a girgiza ta da ƙarfi, gefe da gefe, gaba da baya. In za ta faɗi, gara ta faɗi a kan kwanon birki. Sannan a tura tayoyin da aka cire a kwance ƙarƙashin shasi. A nan babbar taya ta yi rana, domin mai faɗin inci 12 da rabi ta fi ƙirjin yawancin mutane kauri. Kuma kada a yi aikin ba kowa a kusa. Wanda mota ta danne wa ƙirji sau da yawa ba karaya ke kashe shi ba, numfashi ne ba ya iya ja, wanda kuwa ba ya iya jan numfashi ba ya iya kiran kowa.

Aksul ɗin kansa

Bayan an gama da mota, saura abin da za a fitar. Aksul ba a daidaice yake ba. Hancin giyarsa, inda farfela ke haɗuwa, yana da nauyi kuma ya fito gaba, saboda haka da an kwance ƙusoshin da suka rungume shi da sifirin sai ya juya hancin ya bugi ƙasa, ko hannun da ke wurin. Wuri uku ake tallafa masa: bututun dama, bututun hagu, da ƙarƙashin hancin. Kafin a sauke shi a bi duk abin da ya haɗa shi da mota, tiyon birki, wayar na'urar birki, igiyar birkin hannu, da ɗan tiyon shaƙar iska. A motocin da aka ɗaga da araha waɗannan sukan kasance na asali ne, a miƙe suke tun mota na tsaye.

In sifirin mai naɗi ne, kamar na gaban Land Cruiser 79, a sauke aksul a hankali har sai an iya juya sifirin da hannu kafin a taɓa shi. Irin wannan aksul yana da wata sanda da ta gitta daga shasi zuwa jikinsa don kada ya yi gefe. Wajen mayarwa hujinta ba ya yarda ya dace da na maratayinta, kuma abin da ake yawan yi shi ne a ce wa yara su tura motar gefe, tana kan matokarai, oga yana ƙasa riƙe da ƙusa yana cewa a ƙara kaɗan. Duk lissafin da muka yi a baya, ga shi ana gwada shi da gangan. Ɗamarar ɗaure kaya mai maƙulli, ɗaya kai a aksul ɗaya a shasi, za ta jawo su su haɗu ba tare da an tura komai a kan ƙasa ba. Ko kuma a bari sai an mayar da tayoyi mota ta sauka.

Manyan notoci, waɗanda sai da dogon bututu, tun mota na kan tayoyinta ake karya ƙarfinsu. In dole sai a sama, a ja sifana ƙasa, ba gefe ba. Ɗaurin ƙarshe ma a ƙasa ake yinsa, musamman na ƙusoshin da suka ratsa robar sifirin da ta sanduna, domin in aka ɗaure su aksul na reto, robar za ta zauna a murɗe da zarar mota ta sauka, ta yage cikin 'yan watanni. Ƙusoshin da ke rungume aksul kuwa sababbi ake sawa, domin tsofaffin sun riga sun miƙe. Ana ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, sannan a sake bin su da sifana bayan motar ta yi 'yan kwanaki a hanya, lokacin da fallayen sifirin suka gama zama.